Mai Dubawa ko Ɗan Duba: Tarke a kan Sana'ar Duba Rubutun Fim ta Intanet, da Misali daga Dabai

1.0 GABATARWA

Tun daga 2014, sa'ad da tashar Arewa24 ta soma watsa shirye-shiryenta, har zuwa 2020 da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓu a talabijin da YouTube, buƙatar rubutaccen labarin fim ta ƙaru ƙwarai a ƙasar Hausa. Dalili kuwa shi ne, fim mai fitowa mako-mako ba ya yiwuwa da labarin da darakta ya riƙe a ka, ya bar 'yan wasa su cike maganganu da bakinsu, kamar yadda aka sha yi a farkon zamanin bidiyo. Wannan buƙata ta sa matasa da yawa, maza da mata, sun ɗauki alƙalami. Ta kuma haifar da wata sabuwar sana'a wadda ta cancanci manazarta su waiwaye ta, watau sana'ar karɓar kuɗi daga hannun sabon marubuci ta intanet, domin a duba masa rubutunsa, ko a sada shi da masu shirya fim.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan sana'a da ma'aunin tarke. Za a fara da waiwayen matsayin mai duba rubutu a tarihin adabin Hausa, sannan a dubi tushen sana'ar a Amurka da yadda ta iso gare mu. Daga nan sai a feɗe wani rahoto guda da aka rubuta wa wani matashi ɗan Dabai ta ƙasar Zuru, a Jihar Kebbi. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, darajar rahoton duba rubutu ta rataya ne a kan tambayoyi biyu: wa ya biya mai dubawa, me kuma aka sayar? In karatu da shawara aka sayar, to, aiki ne halal kamar kowane aiki. In kuwa alkawarin buɗe ƙofa aka sayar, an bar fagen tarke an shiga wata sana'a dabam. Hausa ta riga ta tanadi kalma ɗaya mai fuska biyu ga wannan al'amari: akwai mai dubawa, wanda ke duba abin da ke gabansa, akwai kuma ɗan duba, wanda ke sayar da labarin gobe.

2.0 MAI DUBA RUBUTU A TARIHIN ADABIN HAUSA

Duba rubutu ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin ajami, almajirin da ya tsara waƙa yakan kai wa malaminsa ya duba masa karinta da amsa-amonta kafin ya rera ta a bainar jama'a. A zamanin boko kuwa, misalin da aka fi sani shi ne na gasar 1933 wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Dokta R. M. East, gasar da ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. East bai tsaya ga zaɓe kawai ba. Ya rubuta wa Abubakar Imam wasiƙa yana nuna masa wuraren da ya ɗauko daga wasu littattafai a cikin Ruwan Bagaja, ya kuma ja shi Zariya a 1936 suka zauna tare watanni shida ana rubuta Magana Jari Ce.

Lalle East yana da nasa ma'auni, wanda ke da alaƙa da manufar Turawan mulkin mallaka game da littattafan makaranta, manazarta kuma sun daɗe suna muhawara a kansa. Amma abin lura a nan shi ne hanyar da kuɗi ya bi. Hukuma ce ta biya East albashinsa. Imam bai biya ko anini ba. Nasarar East ta rataya ne a kan littafi ya yi kyau, ya shiga aji, ya karɓu. Saboda haka bai da wata riba in ya yabi rubutu maras kyau, bai kuma da asara in ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Haka abin yake a gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya a 1978, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah: mai bugawa ne ke ɗaukar nauyin mai dubawa.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu, aka sami abin da ake kira adabin kasuwar Kano. A nan wata hanya ta biyu ta ɓulla. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba ke cikin jigoginta, suka zama matattarar da marubuta ke duba wa juna rubutu, suna tallata littattafan juna a bangon nasu. Wannan ita ce hanyar gayya: ka duba mini yau, in duba maka gobe.

Daga cikin waɗannan marubuta ne wasu suka tsallaka zuwa fim bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. An mayar da In da So da Ƙauna fim a 1994, an mayar da Alhaki Kwikwiyo a 1998. A cikin wannan masana'anta wata hanya ta uku ta kafu, watau ta bin maigida. Mai son rubuta fim sai ya lizimci ofishin wani furodusa a Titin Gidan Zoo a Kano, ya yi aike, ya kwafe rubutu, ya bi su wurin ɗaukar fim, har ranar da za a ce ya gwada tsara fitowa ɗaya. Hanyar tana koyarwa ƙwarai, amma tana da sharaɗi guda: sai mutum yana Kano, ko Kaduna, ko Jos. Wanda ke Dabai, tafiyar yini guda a mota daga Kano, kuma yana da gona ko aji da ke jiransa, wannan ƙofa a rufe take gare shi. Wannan giɓi shi ne kasuwar da sabuwar sana'a ta samu.

3.0 TUSHEN SANA'AR A AMURKA

A masana'antar fim ta Amurka an daɗe ana da ma'aikata masu karanta rubutun da aka aiko wa kamfani. Mai karantawa yakan rubuta taƙaitaccen rahoto: gundarin labari cikin jimla ɗaya ko biyu, taƙaitawarsa, ra'ayi a kan zubi da taurari da maganganu, sannan hukunci ɗaya daga cikin uku, watau a wuce, ko a sake dubawa, ko a ɗauka. Wannan rahoto na kamfani ne, kamfani ne ya biya, marubuci ma ba ya ganinsa. Haka kuma ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta hana wakilan da ke da yarjejeniya da ita karɓar kuɗin karatu daga marubuci. Ladansu kashi 10 cikin 100 ne na abin da aka sayar da rubutun, bayan an sayar.

Intanet ce ta juya akalar kuɗin. A 2005 Franklin Leonard ya soma tattara sunayen rubuce-rubucen da manyan ma'aikatan kamfanonin fim suka fi so amma ba a riga an shirya su ba, ya kira jerin The Black List. Jerin ya yi suna, domin finafinai irin su Slumdog Millionaire da The King's Speech da Argo da Spotlight, waɗanda duk suka ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, sun bi ta cikinsa. A 2012 aka buɗe wani sashe dabam da wannan suna, inda kowane marubuci zai iya biyan kuɗin ajiye rubutunsa wata-wata, ya kuma biya a karanta a ba shi maki daga 1 zuwa 10. Wanda ya sami 8 ko fiye sai a tallata shi ga masu shirya fim. Ya kamata a lura cewa jerin shekara-shekara da sashen biyan kuɗi abubuwa biyu ne dabam: na farko ƙuri'ar ma'aikatan masana'anta ce, na biyu ciniki ne tsakanin marubuci da kamfani. Haka nan Stage 32, wanda Richard Botto ya kafa a 2011, shiga cikinsa da sada zumunci kyauta ne, amma damar gabatar da labari ga wani jami'in kamfani na 'yan mintoci sai an biya.

Ba a cewa waɗannan kafofi ba su amfani kowa ba. Akwai marubutan da suka sami wakilai ta hanyarsu. Amma lissafin sana'ar a fili yake. Finafinan da ake shiryawa a shekara kaɗan ne, masu rubutu kuwa dubbai ne, saboda haka kuɗin shigar kamfanin duba rubutu yana fitowa ne daga aljihun masu yawan da ba za a taɓa shirya nasu ba. Daɗin daɗawa, abin da marubuci ya tara a irin waɗannan wurare ba a hannunsa yake ba. A 2025 aka rufe Coverfly, inda marubuta suka shekara suna tara maki da matsayi, aka kuma rufe ScreenCraft da WeScreenplay. Wanda ya koyi gyara rubutunsa daga rahotannin da ya saya, ya tsira da iliminsa. Wanda matsayi kawai ya saya, ya tashi a tutar babu.

4.0 YADDA ABIN YA ISO ƘASAR HAUSA

A wurinmu sana'ar ba ta zo da manyan kamfanoni ba; ta shigo ne ta zaurukan WhatsApp da Telegram da shafukan Facebook. Marubutan ƙagaggun labarai na intanet ne suka share fage, domin su ne suka saba wa jama'a da tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki kafin a sa mutum a zauren da ake sakin ci gaban labari. Da wannan ɗabi'a ta zauna, sai aka sami azuzuwan koyon rubutun fim na mako biyu ko wata guda, aka sami masu duba rubutu a kan farashi, aka kuma sami masu cewa suna da hanya wurin furodusoshi.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Waɗannan zauruka sun yi abin da jami'o'inmu suka yi jinkirin yi. Ta nan ne matashiya a Argungu ko matashi a Maraɗi ya fara ganin yadda shafin rubutun fim yake, ya san cewa ana rubuta wuri da lokaci a kan kowace fitowa, ya ji cewa shafi ɗaya yana daidai da kimanin minti ɗaya a allo. Ga matan da fita zuwa ofisoshin Kano ke yi wa wuya saboda aure ko nisa, wannan ba ƙaramar dama ba ce. Sai dai a wannan kasuwa babu sharaɗin da ya tilasta wa mai karɓar kuɗi ya nuna ko da fim ɗaya da ya taɓa rubutawa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne malami, shi ne mai dubawa, shi ne kuma dillali. Bari mu ga abin da wannan ke haifarwa a aikace.

5.0 MISALI DAGA DABAI

5.1 Wuri da Labari

Dabai tana dab da garin Zuru, tana kuma cikin masarautu biyar na ƙasar Zuru, tare da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Mafi yawan mutanenta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Harshensu C'lela, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da hulɗa. An san ƙasar da noma da kokawa da aikin soja, an kuma san ta da gidajen da Musulmi da Kirista ke cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Daga cikin al'adunta akwai golmo, watau noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa tare da tsaransa har shekara bakwai kafin a ba shi aure, da kuma Uhola, bikin godiya na bayan girbi. Ko da yake boko da addinai sun rage wa golmo ƙarfi, har yanzu ita ce ma'aunin da dattawa ke tunawa in ana zancen juriyar namiji.

Wani tsohon ɗalibina ɗan wannan gari, wanda yanzu yake koyarwa a firamare, ya rubuta fim da Hausa a kan golmo. Labarin ya faru ne a 1968, lokacin yaƙin basasa. Saurayi yana shekara ta biyar ta golmo sai aka ɗauke shi soja. Tambayar da ta taso ita ce, shekaru biyar da ya noma sun faɗi ke nan, ko kuwa suna nan? Tsaransa suka yanke shawara za su ci gaba da noma kunyarsa kamar yana nan. Damina biyu suna yi, babu wasiƙa, babu labari. Wasu suka gaji, wani aka yi masa aure ya janye, wani ya ce wa mamaci ake noma. Mahaifin yarinya dattijon coci ne, mahaifin saurayi ya musulunta, kakarsu kuwa tana kan al'adar gargajiya, kowannensu da yadda ya ɗauki alkawari. Fim ɗin ya ƙare a ranar Uhola, inda shugaban tsara ya tsaya a gurbin wanda bai dawo ba.

Marubucin ya tura wannan rubutu ga wani mai dubawa da ya gamu da shi a wani zaure, ya biya da kuɗin da ya tara daga amfanin gonarsa, aka aiko masa da rahoto mai shafi biyu. Ya kawo mini rubutun da rahoton duka, ya kuma yarda in yi nazarinsu a nan ba tare da ambaton sunan kowa ba.

5.2 Inda Rahoton ya Dace

Kashi na farko na rahoton aikin mai dubawa ne na gaskiya, ya kuma ci kuɗinsa. Ya nuna abubuwa huɗu. Na ɗaya, marubucin yana rubuta abin da ke zuciyar tauraro, alhali kyamara ba ta ɗaukar tunani. Sai a mayar da shi aiki ko magana. Na biyu, dattawa suna jawabi mai tsawon shafi guda, abin da zube ke ɗauka amma allo ba ya ɗauka. Na uku, fitowar Uhola tana buƙatar ɗaruruwan mutane da kayan ado, kuma babu furodusan da zai karanta ta ba tare da ya lissafa kuɗin abinci da mota ba. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, yarinyar da ake noma dominta ba ta da baki a labarin. Ana maganarta, ba ta magana. Waɗannan duka gyare-gyare ne da suka fito daga cikin rubutun, kowanne an nuna shafinsa, kowanne kuma yana taimakon labarin ya zama abin da marubucinsa ke so ya zama.

5.3 Inda Rahoton ya Kauce

Kashi na biyu kuwa wani abu ne dabam. Mai dubawa ya ɗauka jigon labarin soyayya ce, sai ya auna kome da wannan zato. Ya ce tauraro ya ɓace a tsakiyar fim, wannan kuwa babban aibi ne. A dawo da shi. Ya ce shekara bakwai ta yi tsawo, masu kallo ba su san golmo ba. A musanya ta da tsadar lefe. Ya ce a shigo da ɗan mai kuɗi ya zama abokin takara, a mayar da labarin birni, a mayar da gidajen duka addini ɗaya don gudun tsegumi, a gyara Hausar 'yan wasa ta koma ta Kano. Ya kuma ce dole babban juyi ya zo wajen shafi na 25 zuwa na 30.

Bari mu ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Game da jigo, duk wanda ya karanta rubutun da natsuwa zai ga cewa saurayi da budurwa ba su haɗu ba sai a fitowa uku. Abin da aka fi nanatawa shi ne taron tsara a bakin gona, ana gardama ko a ci gaba ko a bari. Jigon labarin ke nan riƙon alkawari, ƙaramin jigonsa kuwa haɗin kai. In an gane haka, sai a ga cewa tauraro bai ɓace ba, domin tauraron labarin ƙungiyar tsara ce. Rashin saurayin shi ne jarrabawar da aka ɗora mata. Wanda ya ce a dawo da shi tsakiyar fim ya ce a cire matsalar da aka gina fim ɗin a kanta.

Game da shafi na 25 zuwa na 30, wannan ƙa'ida ba daga rubutun ta fito ba. Asalinta littafin Syd Field ne na 1979, wanda ya raba fim kashi uku ya sa wa kowane juyi shafinsa, Blake Snyder kuma ya ƙara tsananta lissafin a nasa littafin na 2005. Ma'auni ne mai amfani ga fim ɗin sinima mai shafi 90 zuwa 120 wanda ke bin mutum ɗaya mai buri ɗaya. Amma zubin labarin Dabai zubin damina ne: shuka, noma, maimai, girbi, sannan a sake, kowane zagaye kuma mutum ɗaya yana raguwa a kunya. Maimaicin nan shi ne ke ɗauke da ma'ana, kamar yadda yake a tatsuniya, inda abu kan faru sau uku kafin a warware. Auna shi da mudun Field daidai yake da auna waƙar baka da karin Larabci, a ce ta karye.

Game da harshe da addini da mayar da labari birni, a nan ne hasarar ta fi girma, ta kuma wuce marubuci ɗaya. An daɗe ana kukan cewa finafinan Hausa sun taƙaita ga falo da mota da rikicin kishiyoyi. Maganin wannan kuka yana hannun irin wannan malamin firamare, wanda ya san abin da Kano ba ta sani ba. In kowane rubutu daga Zuru ko Yawuri ko Gaya ta Nijar sai an tace shi ya koma kamar na Titin Gidan Zoo kafin a ce ya yi, to, intanet ta faɗaɗa ƙofar shiga amma ta ƙuntata abin da ke shiga. Ba a musun cewa kasuwa tana da nata hukunci, kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da nata sharuɗɗa da marubuci ya kamata ya sani. Aikin mai dubawa shi ne ya ce, ga abin da labarinka yake, ga kuma abin da kasuwa za ta ce, zaɓi naka ne. Shi kuwa wannan ya gabatar da ɗanɗanon kasuwa a matsayin dokar fasaha.

5.4 Sakin Layi na Ƙarshe

Me ya sa mai dubawa wanda ya nuna basira a shafin farko ya kauce a na biyu? Amsar tana sakin layi na ƙarshe. A can ya yaba wa marubucin da cewa yana da baiwa, ya ce in ya yi waɗannan gyare-gyare ya sake turowa da wani kuɗin, za a sake dubawa, in kuma ya ƙara wani abu a kai za a miƙa rubutun ga wani furodusa da ba a faɗi sunansa ba. Da wannan sai kome ya fito fili. Wanda zai sayar da alkawarin furodusa dole ya tura kowane labari zuwa siffar da ya san ana saye. Wanda kuma abincinsa ke hannun marubuci ba zai ce masa rubutu ya kammala ba, ba zai kuma ce masa ba shi da gyara ba. Maslaharsa tana tsakiya, inda kullum saura kaɗan. A shafin farko mai dubawa ne ya yi magana. A sakin layin ƙarshe ɗan duba ne.

Akwai kuma haɗarin da rahoton bai ambata ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutu kamar yadda aka tsara shi, ba ta kare gundarin tunani. Wanda ya tura labarinsa ga mutumin da bai san ko sunansa na gaskiya ba, ba tare da wata shaida ta ranar turawa ba, in ya ga makamancinsa a YouTube bayan shekara, da wuya ya sami abin kamawa.

6.0 MA'AUNIN RAHOTO NAGARI

Daga wannan misali ana iya fitar da ma'auni huɗu da malami zai iya bai wa ɗalibansa. Na farko, rahoto nagari yakan fara da faɗin jigon labari yadda marubucin zai ce, ƙwarai, abin da nake nufi ke nan. Wanda bai gane jigo ba, sauran shawararsa gini ne a kan rairayi. Na biyu, kowace suka ta zo da lambar shafi da misali. Rahoton da za a iya cire shi a liƙa wa wani rubutu dabam ya zauna daidai, ba a karanta rubutun ba. Wannan ma'auni ya ƙara muhimmanci tun daga 2022, da manhajojin kwamfuta masu tsara magana suka yaɗu, har ana iya samar da shafi biyu na shawara cikin minti ɗaya. Na uku, a raba aibin fasaha da ra'ayin kasuwa, a kira kowanne da sunansa. Na huɗu, kuɗin karatu ya tsaya a kan karatu. Dillalin gaskiya, ko na shanu ne a kasuwar Zuru, la'adarsa bayan ciniki take zuwa.

7.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan maƙala cewa adabin Hausa ya san hanyoyi uku na duba rubutu kafin zuwan intanet: ta mai bugawa, ta gayyar marubuta, da ta bin maigida, kuma a cikinsu duka babu inda ribar mai dubawa ta rataya a kan marubuci ya ci gaba da dawowa. Hanya ta huɗu, wadda marubuci ke biya, ta cike giɓi na gaske ga mutanen nesa da Kano, amma tana ɗauke da cutarta a jikinta muddin aka haɗa karatu da dillanci a hannu ɗaya.

Ba a rufe kasuwa da maƙala, ba kuma shi ne abin nema ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu samar da abin da za a gwada ta da shi. Sassan koyar da harsunan Nijeriya a Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina suna da ɗaliban digiri na biyu da na uku waɗanda aka horar a kan jigo da zubi da salo. In aka ƙara musu sanin tsarin rubutun fim, aka buɗe zaure inda sharaɗin a duba naka shi ne ka duba na wani, an dawo da gayyar Raina Kama ke nan ta hanyar waya. Irin wannan tsari na duba-mini-in-duba-maka an taɓa gina dandalin Zoetrope na Francis Ford Coppola a kansa tun ƙarshen shekarun 1990, saboda haka ba mafarki ba ne. Haka nan ya kamata rubutun fim ya shiga manhajar wasan kwaikwayo a matsayin matani da ake feɗewa a aji, kamar yadda ake feɗe Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu.

Shi kuwa malamin Dabai, ya karɓi gyare-gyare huɗu na shafin farko, ya bar sauran. Ya bai wa yarinyar baki, har ta zama ita ce ke kai wa tsara ruwa a gona tana ƙirga waɗanda suka rage. Ya rage taron Uhola zuwa abin da za a ji daga bayan danga. Har yanzu ba a shirya fim ɗin ba, mai yiwuwa kuma a daɗe ba a shirya ba. Amma rubutun da ke hannunsa yau ya fi na da kyau, kuma har yanzu labarin golmo ne.